Kafin Ki Ɗauki Kyamara, Ki Riƙe Littafi

'Yata, Ina taya ki murnar samun gurbin karatu a jami'a. Allah Ya sa an shiga a sa'a, Ya sa a fito lafiya.

Na san tun kafin ki gama haɗa kaya kin sha tambayoyi. Wanda ya samu likitanci ko aikin lauya, barka kawai ake yi masa. Amma wanda ya ce adabi da fim zai karanta, sai an ɗan yi shiru tukuna, sannan wani ya ce, "To, in an gama me ake zama?" Wata gwaggon ma sai ta ja mahaifiyarki gefe ta ce, "Yanzu kuna ji kuna gani za ta zama 'yar fim?" Kada ki yi fushi da su. Tsoro ne irin na iyaye, kuma musu ba ya kawar da shi. Abin da kika yi da shekarun nan huɗu shi zai ba su amsa. Shi ya sa ni kawunki, da na tsufa da alli a hannu, na ga ya kamata in faɗa miki abin da nake ganin zai amfane ki.

Ki fara da sanin cewa karatun nan yana da asali, kuma ba yau adabi da fim suka fara tafiya tare a wajenmu ba. A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Lokacin Imam yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma bai kai shi shekaru ba. Samari ne da ba su girme ki da wani abin kirki ba, ga shi yau bayan sama da shekara 90 littattafansu za a ajiye miki a kan tebur.

Shaihu Umar bai tsaya a takarda ba. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mayar da shi wasan kwaikwayo na daɓe, sannan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. A Nijar, Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da sojojin Faransa a 1899. Med Hondo ya yi fim da littafin a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Ita kanta masana'antar Kano, da ta fara da fim ɗin Turmin Danya a 1990, marubuta na cikin waɗanda suka raine ta tana rarrafe. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim, haka Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Dalili ɗaya ya sa na jero miki sunayen nan: a kowannensu alƙalami ne ya riga kyamara.

To, ga abin da za ki tarar a makaranta. Malami zai ba da jerin littattafai a farkon zango, ba mai buɗe su. Sai jarrabawa ta rage mako biyu a cika shagon fotokwafi, kowa ya sayi handawut ko ya ari littafin rubutun wanda ya fi zuwa lakca, a kwana ana hadda: babban jigo kaza, ƙananan jigogi kaza da kaza, salo mai armashi, zubi da tsari ya yi kyau. Ana cin jarrabawa da haka, ban musa ba. Har sakamako mai kyau ana fita da shi. Amma mai yin haka kamar wanda aka ba labarin miya ne bai taɓa kai ta baki ba. Ko ya iya lissafa duk kayan da aka zuba, ba zai iya cewa gishiri ya ji ko bai ji ba.

Ke ki karanta littafin kansa, daga bango zuwa bango, da fensir a hannu. Inda kika ji kin ƙosa, ki tsaya ki tambayi kanki me ya jawo. Inda kika kasa ajiye littafin har abincinki ya huce, nan ma ki koma baya ki duba abin da marubucin ya yi miki: ɓoye miki wani abu ya yi, ko kuwa sa ki ya yi kika san abin da tauraron bai sani ba, kina jiran ranar da zai gane? Ki rubuta amsar a wani littafi naki na daban. Tarke ke nan tun kafin a koya miki sunansa. Mazhabobin nazari da sunayen masana na ƙasashen waje za su zo, ki koye su da kyau, amma suna amfani ne ga wanda ya riga ya karanta littafin. Waƙa kuwa kada ki karanta ta da ido kawai. Nana Asma'u da Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu don a rera suka rubuta. Ki samu inuwa bayan aji ki ɗaga murya, a nan za ki ji kari da amsa-amo, ki gane inda baiti ya zauna daidai da inda ya yi ɗingishi.

Kada kuma jami'a ta koya miki raina abin da mutanenki ke karantawa. Littattafan soyayya da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano sun sha suka, har malamai irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a kansu a shafukan jaridu. Ko wane ɓangare kika bi, ki tuna littattafan nan ne suka sa matan aure da yawa suka dage da karatun boko a ɗakunansu, kuma a cikinsu aka yi maganar auren dole da kishi da sakin wulaƙanci lokacin da ba a cika yin ta a fili ba. Yau sun koma cikin waya, ana tura su shafi-shafi ta WhatsApp. Ki karanta su da idon basira, ki ga abin da ke riƙe mai karatu, ki ga kuma inda aka yi kasala. Sannan ki leƙa waje: Chinua Achebe, Zaynab Alkali, Abubakar Adam Ibrahim, da Najib Mahfuz na Masar, wanda ya ci kyautar Nobel a 1988, kuma ya daɗe yana rubuta wa masu fim labarai a Alƙahira.

Haka kallo. Ƙawayenki na wasu sassa za su riƙa tsokanarki, "Ku ai kun huta, kallo ne karatunku." Ki yi dariya ki bar su. Amma kallon ɗalibi daban yake da kallon mai hutawa. Fim ɗin da aka ba ku, karo na farko ki kalle shi kamar kowa, ki yi dariya inda ake dariya. Karo na biyu ki zaɓi fitowa ɗaya tak, ta minti biyu ko uku, ki kashe sauti. A ce fitowar saurayi ce ya zo gaishe da mahaifin yarinya a zaure. Ina aka ajiye kyamara, a ƙofar waje ko a ta cikin gida? Daga sama take kallon yaron yana durƙushe, ko daga ƙasa take kallon dattijon? Sau nawa aka yanka hoton kafin uban ya ɗago kai? Da ya ajiye carbi, hannunsa aka nuna ko fuskarsa? Ta ina haske ke shigowa? In kin gama, ki rufe ido ki kunna sautin kaɗai. Akwai kukan akuya da hayaniyar yara daga lungu, ko kiɗan fiyano aka lafta tun daga farko har ƙarshe don a tilasta miki jin tausayi? Fitowa ɗaya da kika feɗe haka ta fi fim 20 da kika kalla kina danna waya.

Ga wata jinga da zan ba ki, ba ta maki ba. A littafin Shaihu Umar, malamin yana zaune ne cikin almajiransa yana ba su labarin rayuwarsa da bakinsa, har da yadda mahaifiyarsa ta bar gida ta ratsa sahara tana nemansa. A takarda, jimla biyu sun isa a ce mana tana kewar ɗanta. To, a ce ke aka ba aikin fim ɗin, aka hana ki sa muryar mai ba da labari, aka hana ki sa ta ta yi kuka tana kiran sunansa. Me za ki nuna? Me za ta riƙe a hannu, wa za ta tsaya tana kallo a kasuwa? Ranar da kika samo amsar da ta gamsar da ke, kin fahimci abin da ya haɗa adabi da fim da abin da ya raba su.

Ki faɗaɗa kallonki. Mu mun tashi da fina-finan Indiya tun zamanin silimun Kano irin su Plaza da Eldorado, har muka ɗauka Indiya ba ta da komai sai rawa cikin furanni. Ki nemi Pather Panchali na Satyajit Ray, na 1955, wanda shi ma daga littafi aka ɗauko shi, ki ga yadda aka nuna talaucin wani gida a ƙauyen Bengal ba tare da an wulaƙanta mutanen gidan ba. Ki nemi Mandabi na Ousmane Sembène na Senegal, na 1968, labarin wani magidanci a Dakar da aka aiko masa takardar kuɗi daga Faransa, ya yi ta yawo ofis-ofis saboda ba shi da katin shaida. Sembène marubuci ne tun asali. Da ya lura mutanen da yake rubutu dominsu yawancinsu ba sa karanta Faransanci, sai ya tafi Mosko ya koyi fim yana dab da shekara 40, ya dawo ya yi Mandabi da harshen Wolof. Sai kuma fim ɗin Majid Majidi na Iran, na 1997, wanda aka fi sani da Children of Heaven. Yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka ɓoye wa iyayensu don sun san babu kuɗin sabo, suka riƙa karɓa-karɓa da nasa: ita ta je makaranta da safe, ta sheƙo a guje ta cire masa ya tafi tasa. Shi ke nan labarin, amma sai da ya kai ga takarar kyautar Oscar. Iran ƙasar Musulmi ce mai tsananin dokar tacewa. Idan wani ya ce miki tacewa ko rashin kuɗi ne kaɗai suka hana mu yin fim mai kyau, ki zaunar da shi ya kalli wannan.

Bayan ido, sai kunne. Babban ciwon fina-finanmu da littattafanmu shi ne kowa yana faɗin duk abin da ke ransa. Bahaushe kuwa ba haka yake magana ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Mace takan ce "maigidan" ko "baban su wance". Dattijo in ransa ya ɓaci sai ya ce "To, madalla," ya tashi ya saka takalmi. Budurwa da aka tambaya ko tana son wane, sai ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. A cikin wannan kunya da kawaici labarinmu yake, kuma ba a koyar da su a lakca. Ki saurari masu ciniki a kasuwa, da hirar mata a gidan biki, da yadda kwandasta ke rarrashin fasinja. In kin zo hutu ki zauna wajen kakarki da yamma, ki nemi izininta ki naɗi tatsuniyoyinta da waƙoƙin daka da na raino a wayarki.

Wannan zai kai ki ga maganar kundin digiri. Za ki ga masu zuwa shagon kwamfuta a canza wa kundin wani suna da shekara, da masu sa na'ura ta rubuta musu. Ha'inci ne, kuma asarar dama ce, alhali ga aiki jibge yana jiran mai yi. Shi kansa fim ɗin Shaihu Umar ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. In wannan ne halin fim ɗin littafin Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, ina ga kasa-kasan bidiyo na shekarun 1990 da ke cin ƙura a shaguna? Cikin tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023, Allah Ya jiƙansu. Sauran abokan aikinsu na gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Sakkwato da Jos suna nan, sun tsufa, kuma kansu cike yake da tarihin da ba a rubuta ba. Ki zaɓi ɗaya, ki je da rakiyar muharraminki, ki durƙusa ki gaishe shi, ki tambaya, ki rubuta. Kundi irin wannan ko bayan shekara 30 za a neme shi.

Kada ki jira sai kin gama kafin ki fara yin naki. Jami'a ce kaɗai wurin da za ki samu marubuci da mai ɗaukar hoto da 'yan wasa da mai tace hoto a aji guda, kowa yana shirye ya yi aiki a kan farantin garau-garau. Bayan kun watse, kowannensu sai da kuɗi. Ku haɗu ku biyar ko shida ku yi fim na minti biyar da waya. Ku rubuta shi tukuna, ku karanta da ƙarfi, ku soke duk maganar da hoto zai iya faɗa. Ku ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, don ranar tsaka tana ƙona fuska ta zuba inuwa a ido. Ku kula da sauti fiye da hoto. Mai kallo yana yafe hoto mai duhu, amma in janareta ya danne magana zai kashe ya tashi. Kowa ya kawo kuɗi a rubuta nawa ya kawo, a kuma yanke tun farko wa ke da maganar ƙarshe, domin a nan zumunci ke lalacewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka yau in ke ce darakta, gobe ki riƙe wa wani makirufo ba tare da jin an rage ki ba. Kuma kada ku ɗauki hoton almajiri ko mai talla ko maras lafiya ba da yardarsa ba. Talaucin mutum ba kayan adon fim ɗinku ba ne.

Na farkon ba zai yi kyau ba, na biyun ma haka. Ki nuna wa malaminki da abokan da ba sa jin nauyinki, ki saurari gyara ba tare da kin kare kanki ba. Wanda duk abin da kika nuna masa sai ya ce "Kai, ya yi!", ki ci gaba da gaisawa da shi, amma ki nemi wani mai duba miki aiki.

Yanzu maganar da mahaifiyarki ta fi so in yi miki. Karatunku yana da rihazal da fita ɗaukar hoto, wani lokaci har dare. Ki sa wa kanki iyaka tun ranar farko, tun kafin a saba da ke a wani hali. Lokacin salla in ya yi ki tashi, ko ana tsakiyar aiki. In kika yi haka sau biyu, kowa zai san da wa yake tare. Kada ki dawo ɗakin kwana ke kaɗai da dare. Duk inda za a je wajen makaranta, gida su sani. Za ki gamu da mai ce miki fuskarki ta dace da fim, ki zo masauki kaza a gwada ki. Aikin gaskiya yana da ofis da takarda da shaidu, kuma ba ya jin haushi don kin zo da yayanki. In wani mai iko da makinki ya nemi abin da bai dace ba, kada ki haɗiye ki yi shiru. Ki adana saƙonninsa, ki gaya wa gida, ki kai ƙara inda makaranta ta tanada. Abin da kike sawa a TikTok da Facebook kuma ki ɗauka surukanki da ɗalibanki na gobe suna kallo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ki duba da wa kike yawo.

Yajin aikin malaman jami'a ma ki sa shi a lissafi. Na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In ya zo, ɗalibin kimiyya ya rabu da ɗakin gwajinsa, ke kuwa naki yana cikin jakarki. Ki karanta littattafan da zango bai bar ki kin karanta ba, ki koyi tace hoto a kwamfuta, ki gyara ƙa'idojin rubutunki na Hausa har ki daina haɗa kalmomin da ake rabawa, ki ƙarfafa Ingilishinki, in da hali ki ƙara da Larabci ko Faransanci.

Aiki kuwa yana nan ga wanda ya iya. Kasuwar faifai ta mutu, harka ta koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24 da ta fara a 2014. Shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina kowane mako sai an ciyar da su da rubutu. Fassarar da ake sawa a ƙasan fina-finanmu ta daɗe tana ba mu kunya, tana jiran wanda ya mallaki harsuna biyu. Ga gidajen rediyo na gida da na waje, ga koyarwa, ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi tun 2016, wadda aka buɗe ta domin mata. Mata sun yi yawa a gaban kyamara, sun yi kaɗan a kujerar marubuci da darakta da edita, inda ake yanke abin da za a faɗa game da mace. Can nake so in gan ki. Ki san dokokin Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, da na duk jihar da za ki yi aiki. Kuma kada ki miƙa wa kowa labarinki a kan "za mu yi magana daga baya". A rubuta yarjejeniya, a sa hannu, ko da ɗan'uwa ne.

Abin da nake nema a wajenki kaɗan ne. In kin zo hutun ƙarshen shekara, ki zo mini da abu uku: sunayen littattafan da kika karanta har ƙarshe, da gajeren labari ɗaya da kika rubuta da hannunki, da fim ɗin minti biyar da kuka yi, ko da kina jin kunyarsa. Za mu shimfiɗa tabarma mu kalla tare da mahaifiyarki, ni kuma zan faɗa miki gaskiya a kansa. Ki riƙe salla, ki riƙe littafi, ki kiyaye sunan gidanku. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani.

Kawunki.